Amosanin Jini Ba Aikin Mayu Ba Ne

 A makon nan ina so mu ɗan ajiye zancen ɗinki da girki, mu yi magana a kan wata cuta wadda da wuya a sami unguwar da ba ta shiga ba, watau amosanin jini, wadda a asibiti a ke kira sikila.

Akwai wata yarinya a ajina, shekarunta goma sha ɗaya, siririya, idonta da ɗan rawaya kamar mai shawara, amma a lissafi ba mai kama ƙafarta. Da hunturu ya kama sai na yi mako biyu ban gan ta ba, na tashi na tafi gidansu. Na tarar da ita kwance tana kuka da ƙafafu da baya, ga shi kuwa ba rauni ba ƙurji. Kakarta ta ce mayu ne, har an kira wanzami ya yi mata ƙaho a gwiwa. Uwar ta riga ta binne biyu, ana ce mata mai wabi, dangin miji kuma suna ta gunaguni wai daga wajenta abin ya fito. Da ta rako ni zaure sai ta ce, "Malama, ke da kika yi karatu, don Allah me ke cin ƙashin yarinyar nan?" Tambayarta ce ta sa na shiga karatu da tambayar likitoci, abin da na samo shi ne na kawo muku yau.

Yadda A Ke Gadonta

Da farko ina so ku riƙe wannan: uwa ita kaɗai ba ta ba ɗa wannan cuta. Kowane mutum yana gadon iri biyu na abin da ke sa jini ja, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai lafiyayye biyu shi a ke kira AA. Mai lafiyayye ɗaya da na sikila ɗaya shi ne AS, shi ba mara lafiya ba ne, yana ɗauke da irin ne kawai. Wanda ya gaji na sikila ta wajen uwa da ta wajen uba shi ne SS, shi ke da cutar. In AS ta auri AS, kowane ciki da za ta ɗauka yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zama SS. Ku lura na ce kowane ciki. Ba wai in an haifi ɗaya mai cutar ukun da ke biye sun tsira ke nan ba, a'a, kowane ciki da tasa ƙuri'ar.

A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, kuma ana haihuwar jarirai SS wajen 150,000 kowace shekara, ba ƙasar da ta kai mu a duniya. Dalilin yawan nan kuwa, wani likita mai suna Anthony Allison ya gano shi a Gabashin Afirka a 1954: yaro AS ya fi AA tsira daga mugun zazzaɓin cizon sauro, saboda haka irin ya yaɗu a ƙasashen da sauro ya yi yawa. Daga 1969 zuwa 1976 an yi wani babban bincike na zazzaɓi a ƙasar Garki, wadda a lokacin ta ke cikin Jihar Kano, yanzu kuwa tana Jigawa. An sami jarirai kamar 2 cikin 100 SS ne, amma cikin waɗanda suka wuce shekara tara bai kai ɗaya cikin 1,000 ba. Ina sauran? Sun riga mu gidan gaskiya tun suna ƙanana, ba wanda ya san sunan abin da ya ɗauke su. Ba mamaki waɗansu daga cikin waɗanda mu ke kira 'yan wabi irinsu ne.

Kamar Lauje

In aka ɗiga jini a ƙarƙashin madubin likita za a ga ƙwayoyi iri uku suna yawo cikin ruwa. Akwai jajaye, su ne masu dakon iskar oksijin daga huhu zuwa ko'ina a jiki. Akwai farare, su ne dakarun da ke yaƙi da ƙwayoyin cuta. Akwai kuma waɗansu 'yan mitsi-mitsi masu liƙe rauni in an yanke, bari mu kira su 'yan liƙi.

Lafiyayyar jar ƙwaya kewayayya ce kamar waina, mai laushi, tana iya matsewa ta wuce ta jijiyar da ta fi gashi siranta. Cikinta cike ya ke da wani sinadari, himogulobin, shi ke riƙe iskar. A jikin mai SS, da zarar himogulobin ya sauke iskar da ya ɗauko sai ya harhaɗe ya zama dogayen tsinkaye masu tauri, su tanƙwara ƙwayar ta koma kamar lauje. In ta koma huhu ta sha iska ta kan miƙe, amma in abin ya yi ta maimaituwa sai ta ƙage a haka. Sanyi, da ƙishirwa, da zazzaɓi, da aikin wahala, duk suna daɗa wannan lanƙwasa.

Wani likita a birnin Shikago ta Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana waɗannan ƙwayoyi a rubuce a 1910, bayan an gan su a jinin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Giranada. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna aibin yana cikin himogulobin ne. A 1956 da 1957 Vernon Ingram a Kambirij ta Ingila ya gano bambancin duka bai wuce ɗigo ɗaya ba a jikin sinadarin. Akwai kuma mace a cikin labarin, Dokta Janet Watson, likitar yara a Niyu Yok. A 1948 ta lura jinin jarirai sababbin haihuwa ba ya lanƙwasa sosai, ta ce irin himogulobin da jariri ke fitowa da shi daga ciki shi ke kare shi. Shi ya sa ba a cika ganin alama ba sai yaro ya kai wata biyar ko shida, sa'an nan a ga hannu da ƙafa sun kumbura yana ta kuka. Ku riƙe wannan magana tata, za mu komo kanta.

Ashe Ba Lanƙwasa Kaɗai Ba Ce

Shekaru da yawa an ɗauka laujen ne kawai ke maƙalewa a jijiya, kamar yadda kara ke tokare bakin kwata. Binciken shekaru arba'in ɗin nan ya nuna maganar ta fi haka. A 1980 Robert Hebbel na Jami'ar Minisota ya nuna jar ƙwayar mai SS tana da danƙo, tana manne wa fatar da ta shimfiɗe cikin jijiya. A 2002 Paul Frenette da mutanensa a Niyu Yok suka leƙa jijiyoyin ɓerayen da aka sa wa cutar, suna kallon jini yana gudu. Sai suka ga fararen ƙwayoyi ne ke fara mannewa a bango, sa'an nan su riƙa cafke jajayen da ke wucewa, har hanya ta cushe.

To, me ke sa bangon jijiya ya yi danƙo? Ga yadda abin ya ke. Lafiyayyar jar ƙwaya ta kan yi kwana 120 tana aiki, ta mai SS kuwa daga kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Wannan ne ke kawo ƙarancin jini da rawayar ido. Waɗansu a cikin jijiya su ke fashewa, himogulobin ya zube cikin ruwan jini, inda ba wurinsa ba ne. Nan ya kan yi ɓarna biyu. Ta farko, akwai wata iska da bangon jijiya ke yi, naitirik oksaid, wadda ke sa jijiya ta saki ta buɗe, ta kuma hana 'yan liƙi taruwa ba dalili. Zubabben himogulobin shanye ta ya ke yi, an nuna haka a 2002. Ta biyu, akwai wani ɓangare nasa mai ɗauke da ƙarfe, ana kiransa him, wanda in ya taɓa bangon jijiya sai bangon ya ɗauka abokin gaba ne ya shigo. Masu bincike a Minisota sun nuna haka a 2014. Nan da nan bangon ya fito da waɗansu 'yan ƙugiyoyi, ya yi kururuwa, dakaru su sheƙo. Wannan hargitsi shi likitoci ke kira kumburi, ko da ido bai ga wurin ya tashi ba.

Dakarun nan da suka zo ba su tarar da kowa ba sai 'yan gida. Su maƙale a ƙugiyoyi, su kama jajayen ƙwayoyi, 'yan liƙi su zo su daɗu a kai. Waɗansu fararen ma har wani irin taru su ke watsawa, wanda asalinsa na kama ƙwayoyin cuta ne. Hanya ta toshe, naman da ke gaba ya rasa iska, ciwo ya tashi. Shi ne abin da ke cin ƙashin ɗalibata, don cikin ɓargo ƙananan jijiyoyi sun yi yawa. Kuma inda iska ta yi ƙaranci, nan jajayen ƙwayoyi ke daɗa lanƙwasa su fashe, abin ya koma farko.

Daskarewar Jini

Kowace mace ta san in wuƙa ta yanke ta wajen yankan kuɓewa, jim kaɗan jinin ya daskare ya tsaya. Rahama ce ta Ubangiji. Akwai wani makunni da ke ɓoye a bayan bangon jijiya, jini ba ya haɗuwa da shi sai an ji rauni. In sun haɗu sai a sami wani sinadari, turombin, shi kuma ya saƙa zare mai kama jini ya zama guda.

A jikin mai SS, kumburin nan ya kan sa makunnin ya fito fili a kan bangon jijiya da kan waɗansu fararen ƙwayoyi, alhali ba rauni. Jar ƙwayar da ta sha lanƙwasa kuma fatarta ta kan juye, ciki ya koma waje, wannan bayan kuwa wuri ne da daskarewa ke saurin kamawa. Har wa yau sinadaran da Allah Ya sa su riƙa birki ga daskarewa su kan yi ƙasa a jininsu. Saboda haka ko ran da yaro ke wasansa lafiya lau, in an auna jininsa sai a ga alamar daskarewa na aiki a hankali.

Abin da ya fi ba masu bincike mamaki shi ne turombin ba saƙa kaɗai ya ke yi ba, yana kuma tsokanar bangon jijiya ya daɗa kumburi. Watau kumburi na kiran daskarewa, daskarewa na kiran kumburi, kamar kishiyoyi biyu masu faɗa, kowace ta faɗi ɗaya sai ɗayar ta rama da biyu, gida kuwa ya rasa barci. A 2012 masu bincike a Jami'ar Karolina ta Arewa sun toshe makunnin nan a jikin ɓeraye masu cutar, sai alamun kumburi suka ragu.

Ba sikila kaɗai ce cutar jini ta gado mai wannan hali ba. Talasimiya, wadda ta yi yawa a ƙasashen bakin Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya da Asiya, ita ma tana sa jini saurin daskarewa, balle ga wanda aka cire wa saifa. Turawa kuma suna da tasu, wadda aka gano a birnin Laidin na ƙasar Holan a 1994, kamar mutum 5 cikin 100 na ɗauke da ita, amma a Afirka da wuya a same ta.

Haɗarin ba ƙarami ba ne. Wani bincike na Amurka da aka buga a 1998, wanda Dokta Kwaku Ohene-Frempong, mutumin Gana, ya shugabanta, ya nuna masu SS 11 cikin 100 sun gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20. Wani na 2014 ya nuna kamar 11 cikin 100 na masu cutar sun sami gudan jini a jijiyar ƙafa ko a huhu kafin shekara 40.

Ina Magani?

Wata za ta ce, to, ai sai a ba su maganin tsinka jini a huta. An gwada. A 2016 an ba da sakamakon gwajin wani magani mai hana 'yan liƙi haɗuwa, a kan yara 341 a ƙasashe 13, bai rage yawan tashin ciwo yadda za a dogara da shi ba. An kuma yi wata allura mai rufe ƙugiyoyin nan na bangon jijiya. Gwajin 2017 ya nuna ta rage tashin ciwo kusan rabi, Amurka ta yarda da ita a 2019, amma da aka sake babban gwaji ba a ga amfanin ba, ƙasashen Tarayyar Turai suka janye izninta a 2023. Haka aikin bincike ya ke, sai an gwada a kan san na ƙwarai. Saboda haka kada wata ta sayi asfirin ko wani maganin tsinka jini a kemis ta riƙa ba yaro da ka. Likita ne ke ba da irin wannan, ga wanda aka tabbata yana bukata.

Maganin da ya ci jarrabawa shi ne haidiroksiyuriya. Kun tuna maganar Dokta Watson? Wannan ƙwaya tana sa ɓargo ya koma yin himogulobin irin na jarirai, wanda ba ya harhaɗewa, tana kuma rage yawan fararen ƙwayoyi da 'yan liƙi, watau tana kashe wutar ta fuska biyu. A 1995 an nuna ta rage tashin ciwo kusan rabi ga manya. A 2019 gwajin yara wajen 600 a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda ya nuna ta rage ciwo, da zazzaɓin sauro, da ƙarin jini, da mutuwa.

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba. Akwai wani awo da a ke yi da na'ura a gefen goshi, ba allura ba zafi, mai nuna yaron da jijiyar ƙwaƙwalwarsa ta fara tsukewa. A Amurka tun 1998 irin wannan yaro ƙarin jini a ke yi masa kowane wata, abin da ke da wuya a wajenmu. Sai likitocinmu na Kano da Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada haidiroksiyuriya a kan yara 220 waɗanda awon ya nuna suna cikin haɗari. A 2022 aka buga sakamako: ƙaramin ma'auni da matsakaici duk sun yi daidai wajen tsare shanyewar jiki, matsakaicin kuma ya fi rage kwanciya a asibiti. Warkewa ɗungum kuwa sai da dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Nijeriya a birnin Benin a 2011, ko sabon gyaran ƙwayar halitta da Ingila da Amurka suka yarda da shi a ƙarshen 2023, wanda aka sa kuɗinsa sama da dala miliyan biyu. Wannan ba na talaka ba ne tukuna.

Abin Da Ke Hannun Uwa

Tun da mun san abin da ke hura wutar, mun san yadda za mu rage mata itace. A ba yaro ruwa a kai a kai, ya tafi makaranta da gorarsa. Da hunturu a sa masa rigar sanyi da safa, a yi masa wanka da ruwan ɗumi bayan rana ta fito, kada a bar shi cikin ruwan sama. Ya kwana cikin gidan sauro. A cika masa alluran rigakafi, a ba shi folik asid da maganin tsare zazzaɓi da fenisilin yadda likita ya rubuta. Wani gwaji na 1986 ya nuna fenisilin na kullum ya rage wata muguwar cutar jini ga ƙananan yara da kashi 84 cikin 100. Daga shekara 2 zuwa 16 a nemi awon goshin nan sau ɗaya a shekara. In ciwo ya tashi a gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ban da ƙanƙara, ban da ƙaho da tsaga, don mai ƙarancin jini ba a daɗa zubar masa.

Akwai alamun da ba a jiran gari ya waye: zazzaɓi, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe, ciki ya kumbura ta hagu tare da tafin hannu ya yi fari fat, ko ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi ban da ɗayar. Kowace aka gani, sai asibiti.

Mace mai SS ta san ciki da jego lokaci ne da jinin kowace mace ke daɗa saurin daskarewa, nata kuwa ya riga ya yi nisa. Ta fara zuwa awo da wuri, ta haihu a asibiti. Cikin arba'in kada ta wuni kwance, ta riƙa ɗan zagayawa, ta sha ruwa da yawa, musamman da ya ke wankan jego na sa gumi. In za ta karɓi maganin tazarar haihuwa ta faɗa wa ma'aikaciya tana da sikila, don waɗansu ƙwayoyin suna daɗa haɗarin gudan jini. A doguwar tafiya, ko a mota ko a jirgin Makka, ta riƙa motsa ƙafafu. Zancen azumi kuwa ta shawarci likita da malami, addini ya yi wa mara lafiya sauƙi.

Ku kuma ƙannena 'yan mata, ku san jinotayif ɗinku tun kuna makaranta, kuma ba shi ne rukunin jini na A da B da O ba. A yi gwajin a wurin da aka amince da shi, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, balle in auren zumunci ne. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da wannan. Amma gwajin da aka yi saura mako guda biki, an riga an ɗinka anko, ya zo a makare. Kada kuma a guji mai SS: in ta auri AA, 'ya'yansu duka AS za su zama, ba mai cutar ko ɗaya.

Ɗalibata ta komo aji, tana shan maganinta, na kuma mai da ita kujerar da ke nesa da taga. Uban ya yarda an gwada shi tare da uwar, aka sami dukansu AS ne. Tun daga ranar ba a sake jin gunagunin dangi ba. In akwai irin wannan uwa a maƙwabtanki wadda ba ta karatu, don Allah ki ɗauki jaridar nan ki karanta mata, in da hali mai gidan ma ya ji.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya raya mana zuriya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.